Wanda Ya Sani, Me Ke Wuyansa?

A manyan azuzuwan sakandare, ɗalibin da ya zurfafa a kimiyyar muhalli yakan koyi yadda ruwa yake kewayawa tsakanin ƙasa da gajimare, da yadda zaizaya take cinye gona, da yadda guba take shiga turɓaya har ta ƙare a jinin mutum. Ya auna, ya rubuta, ya ci jarrabawa. To, 'yan'uwa, bayan takardar shaida, akwai wani bashi da wannan sani ya ɗora masa?

Mu tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, masu haƙar zinariya sun riƙa kawo duwatsu gida suna niƙawa, ba su san akwai dalma mai yawa a cikinsu ba. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu, waɗansu da suka tsira kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Abin da suka rasa yana cikin babi guda na littafin ɗalibinmu.

Saboda haka muke cewa wanda ya sani ya yi shiru, yana da hannu a cikin ɓarnar da ya iya hanawa.

Amma wani zai ce, ina ɗan shekara 17 zai sami bakin gaya wa mahaifinsa ya bar sana'ar da take ciyar da gida? Wannan magana tana da nauyi. Ilimi bai ba kowa izinin raina talaka ba. A Zamfara ma, abin da ya ceci rayuka shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da ba yara magani, da fitar da niƙa bayan gari. An nemi hanyar da za ta tsare rai ba tare da kashe tukunya ba.

Wannan shi ne bashin ɗalibi: ya mayar da abin da ya karanta cikin harshen da mahaifiyarsa za ta gane, ya faɗe shi da ladabi, ya kuma zo da mafita. Mu iyaye da malamai, idan ya dawo hutu, mu tambaye shi makin da ya ci, mu kuma zauna mu ji abin da ya gano game da rijiyarmu.