Kafin Ka Ɗora Yatsa a Kan Kunama

Ɗana, na san abin da ke hana ka barci, kuma ban ga laifinka ba. Duk mazaunin Ambursa, a nan kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya ji abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, lokacin da Lakurawa suka kore shanun gari, maza suka bi sawu, aka rasa rayuka aƙalla 15. Don haka da ka ce kana son ajiye bindiga saboda iyalinka, na san niyyar alheri ce, addini ma bai hana mutum kare ransa da mutuncin gidansa ba.

Sai dai ka fara da hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi a kan bindiga, ko bindigar toka ma hukuma na iya hana riƙe ta ba tare da lasisi ba, irin su AK-47 kuwa ba na farar hula ba ne sam. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Wadda ka saya a ɓoye hannun 'yan fasa-ƙwauri, ranar da jami'ai suka same ta a ɗakinka, da wuya su bambanta ka da mutanen da kake gudu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dare. Motsin da ka ji a gindin katanga da ƙarfe biyu, zuciya za ta ce maka ɓarawo ne, alhali yana iya zama ɗanka da ya makara a gidan kallon ƙwallo yana tsoron buga ƙofa, ko ƙaninka da ya dawo daga fadama wurin ban ruwan shinkafa, ko maƙwabci mai neman akuyarsa. Ka fake, ka haska tocila, ka yi magana, ka jira amsa, domin harsashi yana ratsa zana ya tarar da mai barci, kuma wanda ya harbi jininsa da hannunsa, ko kotu ta sake shi, shi da kwanciyar hankali sun yi hannun riga. In kuwa ɓarawon ne, kuma ya juya baya yana gudu, bar shi ya tafi, dama doka ta ba ka iznin kare kai ne muddin hatsari yana kanka. Kada ka bi shi daji. A watan Maris na 2022 'yan sa kai fiye da 60 aka yi wa kwanton ɓauna a ƙasar Zuru, jarumai ne masu makami a hannu, Allah ya jiƙansu.

Sannan ka dubi halinka tsakani da Allah. In kai mai saurin fushi ne, bindigar da ka ajiye don ɓarawo ita za ta fara faɗo maka a rai ranar da shanu suka shiga gonarka. In ka tabbata za ka iya riƙe zuciyarka, ka ajiye ta babu harsashi a ciki, a kulle, inda yara ba su kaiwa. Ka ƙarfafa ƙofar zaure, ku zauna da mai unguwa da maƙwabta ku tsara sintiri da sanin 'yan sanda, kowa ya riƙe lambar wayar ɗan'uwansa.