Kaset Fanko Da Haƙƙin Mai Waƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A shekarar 1963 ne kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Kafin wannan lokaci, mai son waƙa sai ya sayi faifan garmaho ya saurari abin da kamfani ya zuba masa. Da kaset fanko ya shigo kasuwa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa emti, sai ɗaukar murya ta koma hannun kowa. Mutum ya sayi C60 mai minti 30 a kowane gefe, ko C90 mai minti 45, ya danna rikoda, ya naɗi abin da ransa ke so daga rediyo, ko daga dandali, ko daga kaset ɗin maƙwabci.

Tambayar da aka fi kai wa malamai a zamanin kaset ita ce: ya halatta a naɗi kiɗa a cikinsa? Shi kansa kaset ba shi da hukunci, kamar ƙwarya yake, abin da aka zuba shi take ɗauka. Zaren da ya ɗauki tafsirin Sheikh Abubakar Gumi shi ne ya ɗauki kalangun Mamman Shata, kuma irinsa ne ya shigar da jawaban Khumaini cikin Iran gabanin juyin juya halin 1979. Saboda haka mai sayar da fanko ba shi da laifi, sai fa idan ya tabbata ɓarna za a yi da shi, kamar yadda malaman Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi. Game da kiɗa kuwa, saɓani tsoho ne. Akasarin malamai sun tsananta kan kayan kiɗa, Ibn Hazm ya halatta, Imamu Gazali ya yi rangwame bisa sharuɗɗa. Amma duk sun haɗu a kan haramcin waƙar batsa da ta cin mutunci.

Sai dai akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika yi ba, alhali nauyinta bai gaza na farko ba: waƙar da aka naɗa, ta wane ne?

Mai kwafa yana da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Yakan ce ɓarawon akuya ya raba mai ita da ita, shi kuwa bai raba kowa da komai ba, domin kaset na asali yana nan hannun mai shi. Yakan ƙara da cewa makaɗan Hausa da kyautar sarakuna da attajirai suke rayuwa, ba da cinikin faifai ba, don haka yaɗuwar kaset suna ta ƙara wa irin su Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, suna kuwa shi ke jawo kyauta.

Akwai gaskiya a nan, amma ba ta cika ba. Abin da mai saye yake biya wa kuɗi ba roba da zare ba ne, don da su yake so da fanko ya saya. Bambancin kuɗin da ke tsakanin fanko da wanda aka cika, shi ne kuɗin waƙar. Wannan kuɗi kuwa yakan tsaya a aljihun mai rikoda mai baki biyu, wanda aikinsa danna maɓalli ne, ya bar wanda ya kwana yana tsara baiti, ya ciyar da 'yan amshi, ya sha wahalar hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A kasuwanni irin su Ƙofar Wambai ta Kano, inda dillancin kaset ya bunƙasa, an sha fama da wannan batu tsakanin masu fasaha da masu rarrabawa.

Duniya ta nemi mafita. Jamus ta Yamma ta ɗora haraji a kan rikoda a 1965, sannan a kan kaset fanko a 1985, ana raba kuɗin ga masu fasaha. Nijeriya ta kafa sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 1988. A watan Disamba na wannan shekara, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin talifi da ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ta ba.

Daga nan hanya ta rabu. Wanda ya kwafi abin da ya saya don amfanin kansa, ko wanda mai abu ya yi wa izini, kamar malaman da suka bar wa'azinsu sadaka, lamarinsa da sauƙi. Wanda ya mayar da guminsa wani jari ba da yardarsa ba, ya ci haƙƙi. Kuma ƙyamar sana'ar mutum ba ta halatta zaluntarsa. Mai ganin kiɗa haramun ne, ribar kwafarsa ta fi haramta gare shi. Mai ganin halal ne, biyan mai shi ya wajaba a kansa. Ta ko'ina aka ɓullo, ɗan kwafe ba shi da mafaka.

Yau kaset ya zama tarihi, waya da intanet sun gaje shi, kwafi ya fi sauƙi, tambayar kuwa tana nan inda take. A zamanin kaset, idan aka yi kuskure, sai a toshe ramin kunnen da aka karya da 'yar takarda, a naɗi sabo, tsohon ya goge. Haƙƙin bawa ba haka yake gogewa ba. Malamai sun tabbatar cewa tuba ba ta cika a kansa sai an biya, ko mai shi ya yafe.

Allah Ya kiyashe bayinSa daga cin gumin juna, amin.