Anini a Fagen Fama: Shin Laifi Ne Hafsa Ya Yi Buri?

Masu iya magana sun ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. To amma akwai zomon da gudunsa da jinin mutane ake yin sa. Wannan shi ya sa muke tambaya: ya halatta hafsan soja, yana tsakiyar yaƙi, ya riƙa ƙirga aninin da za a ƙara masa a kafaɗa?

Mu ɗauki yaƙin basasar Nijeriya, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan ƙasar bai wuce kimanin dubu 10 ba, amma da aka gama ya kai wajen dubu 250. Dole aka buƙaci hafsoshi da gaggawa. Samari suka riƙe bataliya, saje ya wayi gari laftana. Girman da a da sai an shekara goma ana jira, sai ga shi cikin watanni.

Ba mu ce sun same shi a ɓagas ba. Ƙaramin hafsa ya kwana cikin rami ruwa na dukansa, ga sauro, ga yunwa, ga kewar iyali, ga nauyin rayukan kurata waɗanda jiya-jiya suka bar gona. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ba shi da abin da yake hange a gaba, zuciyarsa karyewa za ta yi. Saboda haka burin kansa ba aibi ba ne, guzuri ne.

Sai dai akwai wuri biyu da ya kamata mu tsaya. Na farko, gurbin da ake cikewa a fagen fama sau da yawa mutuwar wani ce ta buɗe shi. Hafsa mai hankali zai karɓi irin wannan girma da sanyin jiki.

Na biyu, gaggawar cin nasara tana iya rufe idon jarumi. A Oktoban 1967 Runduna ta Biyu, ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta yi ta yunƙurin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha, duk da shawarar hedkwata cewa a zaga ta tudu. An yi asarar sojoji masu yawa, garin kuwa bai faɗi ba sai Maris na 1968. Babu mai musun jaruntakarsa, Allah kaɗai kuma Ya san zukata, amma iyayen waɗanda ruwa ya ci su ne suka biya kuɗin gaggawar.

Sannan sakamako ba kullum yake bin wahala ba. Benjamin Adekunle ya kama Bonny da Kalaba da Fatakwal, aka sauke shi a Mayun 1969. Olusegun Obasanjo da ya gaje shi, shi ya ga miƙa wuyan Biyafara bayan wata takwas. Wanda ya rataya ransa ga anini kaɗai, ranar da rabo ya tsallake shi me zai riƙe?

A ganinmu ma'aunin guda ne. In hafsa zai biya burinsa da guminsa da barcinsa, to ya yi, halalinsa ne. In kuwa da ran ɗan wani zai biya, ya sani bashi ya ci, kuma akwai ranar biya. Wannan ma'auni bai tsaya ga masu kaki ba, ya hau kan duk wanda aka ba amanar mutane, har mu masu alƙalami.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.