Wa Zai Ci Gaba Da Ƙirga Da Harshen Karaim?

A garin Trakai na ƙasar Lituwaniya akwai wata ƙaramar al'umma mai suna Karaim. Tarihinsu ya ce Sarki Vytautas ne ya kawo kakanninsu daga Kirimiya wajen 1397. Harshensu ɗan uwan Turkanci ne: ɗaya a wurinsu "bir", biyu "eki", goma "on". Yau masu jin sa sosai ba su kai ɗari ba.

Mu masu rubuta manhaja muna saurin cewa ba a yi asarar komai ba. Tamanin dai tamanin ce ko'ina, kwamfuta ma da 1010000 ta san ta. An buga babban ƙamusin harshen a Mosko a 1974. To me ya rage?

Sai dai mu dubi "seksen", wato tamanin. "Segiz", takwas, da "on", goma, su ne suka haɗe suka zama kalma guda. A cikinta muna ganin yadda mutanen dā suka tsara lissafinsu. Mu Hausawa ma abin ba baƙo ba ne: ashirin da talatin daga Larabci muka aro su, gomiya biyu da gomiya uku kuwa sun kusa ɓacewa. Kwamfuta adadi kawai take riƙewa.

Saboda haka adanawa kaɗai ba ta sauke mana nauyi ba. Kalmar ƙirga tana rayuwa ne muddin kaka na kama yatsun jikanta tana cewa bir, eki. Manhajar da ta cancanci wahalarmu ita ce wadda za ta mayar da yaro gaban kakarsa tun tana da rai.