Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Sabon Mai Hoto da Gilashin Tsada

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi da tsakar bazara ya san inda wannan magana ta samo asali. Ruwan yana can ƙasa, ana hango ƙyallinsa, amma ba ya hawowa don kansa. Sai an zura guga, an tokare ƙafa a bakin rijiya, an yi ta ja har tafin hannu ya yi ja. Mutumin da ƙishirwa ta riga ta galabaitar ba zai iya wannan aiki ba, ko da igiyarsa sabuwa ce fil. Shi ya sa magabata suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. 'Yan kasuwa sun fi kowa riƙe maganar, suna nufin sai da jari ake neman riba, sai da ɗan abin hannu ake kamo na nesa.

A 'yan shekarun nan maganar ta shiga bakin matasan da ke fara sana'ar ɗaukar hoto. Matashi ya samu kyamara ta hannu, Canon ko Nikon, wadda ta zo da ɗan gilashinta na 18-55mm. Ya yi wata biyu yana ɗauka, sai ya ga aikin manya a Instagram: amarya ta fito fes, bayanta ya narke ya zama hazo, ko zaren mayafinta ana iya ƙirgawa. Ya tambaya, aka ce masa ai sirrin yana ga gilashin gaban kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lens. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya fara lissafin sayar da babur, ko kwasar adashi, ko cin bashin yayansa. In ka ce ya dakata, amsarsa a shirye take: "Oga, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ban zuba kuɗi ba, ta ina manyan ayyuka za su zo?"

Ina ganin ya kama karin maganar ta inda ba nan ne marikinta ba. Gilashi guga ne da igiya. Ruwan ciki kuwa shi ne abin da ke jikin mai ja, wanda ba a saye a kanti.

A duba farashin tukuna. Gilashin Canon na 70-200mm mai buɗewar f/2.8, farin nan mai jan zobe da kowane sabon shiga ke mafarki, samfurinsa na 2018 ya fito a kan kimanin dala 2,100, nauyinsa kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ɗan ƙaramin 50mm f/1.8 na kamfanin, wanda ya fito a 2015, kusan dala 125 ne farashinsa a lokacin, nauyinsa giram 160. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024. Wato a canjin 2024, farin gilashin nan, in sabo ne, magana ce ta sama da naira miliyan uku. Kafin mutum ya ɗora irin wannan kuɗi a gaban kyamara, ya kamata ya san abin da gilashin zai gyara masa da abin da ba zai taɓa gyarawa ba.

Ɗauki ɗaurin aure da aka yi bayan Azahar. Ango ya sha farar shadda, rana tana tsaka, abokai sun kewaye shi. Kyamara tana da ma'aunin haske a cikinta, kuma ma'aunin nan ba ya sanin ango daga bango. Ya ga fari ya cika masa ido, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Sakamakon shi ne riga ta fito, fuskar mai rigar ta yi duhu, inuwar gira ta rufe idanu. Gilashin miliyan uku zai ba ka wannan fuskar mai duhu, iyakarta dai duhun ya fito tsaf. Wanda ya san aikinsa kuwa zai matso ya ce, "Ango, Allah ya sanya alheri, ɗan tako nan bakin zaure." Ya tsayar da shi a inuwa, fuskarsa na kallon fili inda haske ke shigowa a hankali, ya ɗan ƙara haske da hannunsa, yana lura kada aikin wuyan rigar ya ƙone ya ɓace. Da gilashin da ya zo da kyamarar zai yi wannan, kuma hoton ne za a sa a firam a rataye a falo. Ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya ilimi ne mai zaman kansa, kuma a ƙasarmu shi ne rabin sana'ar.

Akwai ma inda gilashin tsada ke tona asirin sabon hannu. Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne faɗin ƙofar haske, wato lambar nan ta f: duk ƙanƙantarta, ƙofar ta fi faɗi, haske ya fi shiga, baya ya fi narkewa. Amma faɗin ƙofa yana tafe da sharaɗi. Da gilashin 50mm a kan f/1.8, in kana nesa da mutum mita biyu, yankin da zai fito garau bai kai santimita 20 ba. To, ga ɗakin amarya ranar kamu, ƙawaye sun yi layi biyu, wasu a bakin gado wasu a tsaye. Sabon mai hoto ya buɗe ƙofar har ƙarshe don ai abin da ya saya ke nan. Saitin ya faɗa kan lallen hannun amarya, idanunta suka yi dishi-dishi, na layin baya kuwa ba a gane kowa. Hoton jama'a sai an tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, a ƙara da filashi da aka harba sama ya dawo daga silin. A wannan tsukewar, bambancin gilashi mai arha da mai tsada ba ya da yawa, abin da ya rage ma WhatsApp zai matse shi kafin hoton ya isa wayar dangi.

Uwar amarya ba ta taɓa tambayar ko gefen hoto ya yi kaifi. Tambayarta ita ce, ina hoton da Gwaggo ta rungume yarinyar? Ina lokacin da aka fito da ita za a shiga mota? Sanin tsarin biki, sanin wace ce uwar ɗaki wace ce kishiyar uwa, sanin lokacin da za a ɗaga kyamara da lokacin da kunya ta ce a sauke ta, duk wannan yana cikin ruwan ciki. A nan ne ma 'yan mata masu ɗaukar hoto suke da rabon da maza ba su da shi, don suna shiga ɗakunan da namiji zai tsaya a ƙofa, kuma ina fatan su san darajar wannan dama fiye da darajar kowane gilashi.

Tarihin sana'ar a Afirka ta Yamma yana goyon bayan wannan fahimta. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, kuma sai 1948 ya buɗe shagonsa. Mafi yawan hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, yana shimfiɗa zane a bayan mutum, yana gyara masa zama da ajiye hannu. J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya sayi Brownie D a 1950, ya shiga Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954 a matsayin mataimaki a ɗakin wanke hoto, sai a 1968 ya fara jerin hotunan kitso da suka kai sunansa duniya. Malick Sidibé, wanda aka ba Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Venis a 2007, yaron shago ya fara yi wa wani Bafaranshe mai hoto a Bamako. Dukkansu sun riƙe manyan kayan aiki daga baya, ba a musu. Amma kayan sun same su ne da idon da ya riga ya buɗe.

Ruwan ciki yana da fuska ta biyu, wadda ta fi kusa da fassarar 'yan kasuwa, ita ce abin da ya rage a aljihu bayan an yi sayayya. Wanda ya kwashe duk abin da ya mallaka ya sayi gilashi ɗaya ya isa bakin rijiya da sabon guga da busasshen maƙogwaro. Ba shi da batir na biyu, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Memori ɗaya gare shi, in ya lalace hotunan auren mutane sun tafi, aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto. Ba filashi, ba rumbun ajiye hotuna, kwamfutar da yake gyara da ita sai ta yi ta tunani kafin ta buɗe hoto ɗaya. Ga azumi, lokacin da bukukuwa ke ja baya, sai mai ɗan tanadi ke kai Sallah ba tare da ya sayar da wani abu ba. Ga ƙurar hunturu da ke shiga zoben gilashi, ga laimar damina da ke haifar da fumfuna a cikinsa in an bar shi a jaka, ga turmutsutsun biki inda yaro ɗaya zai ja igiyar kyamara komai ya tarwatse a ƙasa. In kuma da bashi aka saya, matsalar ta ninku, domin mai bashi ba ya iya cewa a'a. Duk farashin da aka yi masa tayi zai karɓa, ya karya wa kansa kasuwa ya karya wa abokan sana'arsa.

Sannan sabon shiga bai ma san irin mai hoton da zai zama ba. Mai yiwuwa ya ƙare a shago yana ɗaukar fasfo da hoton iyali, ko ya karkata ga bidiyo, ko aikin jarida, kuma kowanne da gilashin da ya dace da shi. Su kansu kamfanonin suna sauya bakin da gilashi ke ɗaurawa. Canon ta kawo bakin EF a 1987, tsofaffin gilasanta na FD suka daina shiga sababbin kyamarorinta. A 2018 Canon ta fito da RF, Nikon ta fito da Z, yanzu tsofaffin gilasai sai da mahaɗi suke aiki a kansu.

Duk da haka karin maganar ba ta ce a je rijiya hannu rabbana ba, kuma zan yi rashin adalci in na ce gilashi ba kome ba ne. Ɗan 18-55mm ɗin nan, in ka jawo shi zuwa 55mm, ƙofarsa f/5.6 ce, a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya kuwa wannan wahala ce. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma a kansa. Wannan tsalle ne babba a kan kuɗi kaɗan, shi ne sayayyar da nake goyon baya ba tare da jinkiri ba. Kwatanta da tsalle na gaba: daga f/1.8 zuwa f/1.2 haske ya ninka sau biyu da ɗan ɗoriya ne kawai, amma a gilasan 50mm na bakin RF farashin fitowarsu ya tashi daga kimanin dala 200 zuwa kimanin 2,300. A lura kuma, a kan ƙananan kyamarorin da yawancin masu koyo ke farawa da su, 50mm yana matse fili kamar 75mm ko 80mm, don haka a ƙaramin ɗaki sai ka manne da bango ba ka kama mutum uku ba. Mai Nikon zai fi jin daɗin 35mm f/1.8, mai Canon kuma akwai ɗan siririn 24mm f/2.8. Mai Nikon D3200 ko D5100 da ire-irensu ya tabbata gilashin AF-S ya saya, don tsohon 50mm f/1.8D ba ya saita kansa a kan waɗannan.

Akwai kuma ayyukan da dole sai dogon gilashi. A Hawan Daushe a Kano, lokacin da mahaya ke sukuwa suna jinjina a Ƙofar Kudu, ba mai barin ka ka matsa kusa da kofaton doki, ga shi hawan yakan kai har rana ta yi sanyi haske ya fara ja baya. A nan farin gilashin yana cin kuɗinsa. Sai dai Sallah sau biyu ce a shekara. Hayar gilashi na yini ɗaya daga wurin abokin sana'a, a sa kuɗin cikin farashin aikin, ya fi a ɗaure miliyoyi a jaka wata goma sha ɗaya. Haya ma makaranta ce: wani sai ya yini da kilo ɗaya da rabi a wuya sannan ya gane ba irin aikin da yake so ba ne.

Lokacin sayen mai tsada yana zuwa, kuma yana da alamu. Kowane hoto yana ajiye bayanin tsawon gilashi da buɗewar da aka ɗauke shi da su. Mutum ya zauna ya bi hotunansa na shekara guda. In ya ga irin hoto ɗaya ne ke kuɓuce masa a kai a kai, ya san dalilin, ya tabbata ba laifin hannunsa ba ne, kuma akwai masu biya da ke neman wannan hoton, to ya saya daga ribar aiki. A lokacin gilashi mai kyau jari ne na gaske, don yakan ga bayan kyamara biyu ko uku. Ko a nan ɗin na hannu ya wadatar, in an duba shi da kyau: a haska fitilar waya ta cikinsa a nemi farin zare-zaren fumfuna, a juya zobensa a saurara ko yashi na ƙara, a ɗauki jarida da aka manna a bango a ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishewa.

Kai da kuɗin ke hannunka yau kana shirin tafiya kanti, shawarata ita ce ka nemi 35mm ko 50mm mai f/1.8, ka haɗa da batir, memori biyu da filashi, ka ajiye sauran kuɗin. Sannan ka nemi ogan da zai yarda ka riƙa bin sa biki kana riƙe masa fitila, ka yi ta ɗaukar 'yan gidanku safe da yamma har ka iya faɗin yadda hoto zai fito tun kafin ka danna. Farin gilashin ka bar shi a kanti sai sana'ar ta biya kuɗinsa da kanta.