Mai hawa da wanda ke kwance a hanya

A watan Mayun 2006 wani ɗan Ingila mai suna David Sharp ya rasu a cikin wani ɗan kogo a ɓangaren arewa na tsaunin Everest, a tsayin kusan mita 8,500, bayan mahawa wajen 40 sun bi ta gabansa yana da sauran numfashi. Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar a 1953, ya yi tir da su ƙwarai. Su kuwa masu kare su suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maganarsu tana da nauyi. Da zarar an haura mita 8,000, iskar oksijin da mutum ke shaƙa ba ta wuce sulusin wadda ake samu a bakin teku ba, tunani yana dushewa, taku goma sai a tsaya a yi haki. Jirgi mai saukar ungulu bai cika iya ɗauko mutum daga can ba, saboda iskar ta yi shara-shara, ba ta riƙe fukafukansa. Saura kafaɗar ɗan Adam, a kan hanyar da wani wurin ba ta ɗaukar mutum biyu a jere.

Malaman fiƙihu sun sanya ceton wanda zai halaka cikin farillan kifaya, Malikiyya ma sun tsananta, domin littafin Muhtasar na Halil ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya ceto ya ƙi. Alƙur'ani kuma ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Saboda haka hukuncin ya rataya ne a kan iko, kuma a ganina ana gane ikon daga inda mutum ya dosa. Wanda ke saukowa, iskarsa ta kusa ƙarewa, ƙafafunsa na rawa, uzurinsa karɓaɓɓe ne. Amma mai hawa, da tukwanen iska a bayansa da ƙarfin tafiyar sa'o'i, da wuya ya ce ba shi da abin bayarwa, tunda yana shirin kashe shi a kan ɗaukar hoto a ƙololuwa. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar Sharp, Dan Mazur da abokan tafiyarsa suka tarar da Lincoln Hall, ɗan Ostiraliya da aka bari a kan ya mutu, zaune a bakin gangara. Suka haƙura da ƙololuwa, suka ba shi iska da abin sha har 'yan Sherpa masu rakiyar mahawa suka iso, ya kuwa rayu. A 2023 Gelje Sherpa ya lallashi wanda ya ɗauke shi aiki su fasa hawa, ya naɗe wani ɗan Malesiya a tabarmar kwana, ya goya shi ya sauko da shi mita 600 cikin sa'o'i shida.

Za a ce Hall yana iya taka ƙafarsa, Sharp kuwa ya riga ya sandare, wasu ma cikin duhu sun ɗauka gawa ce. Haka ne, kuma akwai waɗanda suka tsaya suka ba Sharp iska a hanyar saukowa. Sai dai ba wanda ke sanin wa zai rayu kafin ya durƙusa ya duba, kuma shari'a ƙoƙarin take nema, ba ta ce sai an yi nasara ba. Za a kuma ce Sharp shi ya jawo wa kansa, tunda ya tafi ba mai rakiya. Wauta ba ta zubar da alfarmar rai. Wanda ya faɗa rijiya da gangancinsa ma ana zura masa igiya. Balle Muhammad Hassan, ɗan dakon Pakistan da ya faɗi a tsaunin K2 a Yulin 2023, wasu suka yi ƙoƙarin taimakonsa, wasu suka tsallake shi suka wuce. Neman abinci ya kai shi, kuma ba shi da cikakkun kayan sanyi. A irin wannan, alhakin ya fara ne tun daga ƙasa, a wuyan kamfanonin da ke karɓar dubban daloli ba su ware tukunyar iska ko mutum ɗaya domin ceto ba.