Zargi Na Gaskiya Da Zargi Na Lokaci

Manomin tattasai a Shetimari, a kwarin Komadugu, ya san rumbu ba ya ruɓewa rana ɗaya. Idan mai rumbu ya yi shekaru yana kallon ɓarna bai tanka ba, sai ranar da suka ɓata da abokin noma ya yi kururuwa, shin gaskiya ce ta motsa shi ko gaba?

Wannan tambaya ta shafi mutanen jihar Diffa kai tsaye, domin ɗansu ne, Tandja Mamadu na Maine-Sorowa, ke mulkin Nijar lokacin da jam'iyyar MNSD-Nasara ta dare gida biyu. Ran 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. A 2008 aka tsare shi a kurkukun Kutukale bisa zargin karkatar da kuɗin tallafin 'yan jarida. A Fabrairun 2009, a taron Damagaram, Seini Umaru ya karɓi shugabancin jam'iyya. Watanni kaɗan bayan haka tazarce ta fito fili.

Mugun nufin mai zargi ba ya wanke wanda ake zargi. Kuɗin makaranta, in an ci, yaran karkara aka cuta. Amma shari'ar da take jiran ranar saɓani tana koya wa 'yan jam'iyya cewa biyayya ce kariya, ba tsabtar hannu ba, sai mai son faɗin gaskiya a cikin gida ya haɗiye ta. Hama ya fice ya kafa Lumana, sojoji kuwa suka kifar da Tandja ran 18 ga Fabrairu 2010.